Bangon Suruki a Kan Hanyar Ruwa

Ƙarfe tara da rabi na safe, ranar wata Asabar cikin bazara, kamiyo na farko, wato babbar motar ɗaukar kaya, ya juye jar ƙasa a kududdufin bayan gidanmu. Na san lokacin domin gyaɗata tana kan wuta, ina duba agogo. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da Inna mahaifiyarmu, da Yaya, babban wanmu, wanda ya zama maigida tun rasuwar Baba. Idon Inna ya yi rauni ƙwarai, amma kunnenta garau yake. Ta ɗago kai daga kwanon kokonta ta ce, "Mi anka zubar?"

Yaya ya ce, "Ƙasa ce, Inna. Gini za a yi."

"Cikin kududduhi?"

"E."

"To ruwa hwa? Ina za shi?"

Yaya ya sa takalminsa ya fita.

Ni ba mai dogon karatu ba ce, a aji shida na bar lakol. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina kaiwa kasuwar Cadawa da ta Gangara. Da mijina ya rasu na dawo gida ina kula da Inna. A sana'ata komai da jerinsa: a soya, a murje, a niƙa, a matse, wanda ya tsallake ɗaya ya ɓata sauran. Don haka zan faɗi abin nan yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Gidanmu yana bakin gari. Lokacin da nake yarinya, idan ka zagaya baya sai kududdufi, bayan kududdufi kuma gonakin gero da itatuwan gawo har iyakar ganinka. Kududdufin nan kakanninmu ne suka haƙa shi. Daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina kowane ɗaki na layinmu, ramin da ya rage kuma shi ke karɓar ruwan layin idan damina ta zo. Kowane gida yana da rariya a gindin katanga. Ruwa ya fita ta rariya ya shiga lungu, lungun ya gangara da shi ta bayan gidaje har ya faɗa kududdufi. Gidanmu ne na ƙarshe a gangaren. Ɗakin Inna kuma shi ne ƙarshen gidanmu, bayansa yana jingine da bakin lungun.

Akwai abu biyu da muka tashi muka tarar ana yi. Idan ruwan farko ya sauka, mazan layi sukan fito da fartanya su bi ruwan tun daga gidan sama har kududdufi, inda ya toshe su buɗe, inda ya ci gindin bango su cike. Baba ne ke gaba har ƙarfinsa ya ƙare. Na biyu, duk wanda zai yi sabon gini, kafin ya haƙa tushe sai ya kira maƙwabta ya raba goro, a tsaya a filin a nuna masa inda ruwa yake bi. Ba takarda, ba hukuma. A tsaye ake yi a gama.

Sai gari ya taso mana. Magada suka fara sayar da gonaki. Masu awo suka zo da rani, ƙasa a bushe ƙamas, suka ja layuka suka kafa turakun siminti. Aka sare gawo. Ma'aikata da ƴan kasuwa, wasu daga Maradi, wasu daga Agiye, suka saye filayen. Gidajen bulo suka tashi da ƙofofin ƙarfe, kowa yana ɗaga tushensa ya fi na maƙwabcinsa tsawo, don kada ruwa ya shigar masa. Ba wanda ya tambayi wa zai shigar wa. Ban ƙi gini ba, a fahimce ni. Ɗana ma haya yake yi a cikin gari, na san abin da rashin gida yake. Amma har kududdufin aka auna aka kafa wa turaku, kamar gona.

Wanda ya saye shi Alhaji ne, mai sayen aya da wake yana kaiwa kudu. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗansa ne ke auren babbar ɗiyar Yaya. Wato shi da Yaya surukai ne, kuma a nan abin ya lalace.

Kafin in ci gaba sai na faɗi abin da ɗakin nan yake ga Inna. Cikinsa aka kawo ta amarya daga wajen Gidan Rumji, cikinsa ta haife mu. Da idonta ya tafi, hannunta ya karɓi aikin. Ta san alkukin da ke bango kusa da gado, inda take ajiye carbi da man zafi. Ta san randa tana hagu da ƙofa. A jikin ƙofar akwai wani wuri da tafin hannunta ya goge har ya yi santsi, nan take dafawa ta tsallake dokin ƙofa. Takan fita ta yi alwala ta dawo ita kaɗai, ba mai riƙe ta. Idan jika ya gusar mata da buta takan gane, ta kuma yi faɗa. A cikin wannan ɗakin Inna ba makauniya ba ce.

Ranar da aka fara zuba ƙasa, na jira Yaya ya dawo ya ci abinci, sannan na same shi a zaure.

Na ce, "Yaya, ka je ka gaya wa Alhaji ya bar wa ruwa hanya. Ko ya binne bututu ƙarƙashin ginin, ko ya bar lungun ya wuce ta gefe. Tun ba a ɗora bulo ba."

Ya ce, "Ni? In tsaya gaban surukina in ce masa gininsa bai yi daidai ba? Kin taɓa ganin ko ruwa na sha a gabansa?"

"Ba ruwa na ce ka sha ba. Maganar ruwa na ce ka yi."

"Ke dai bakinki ya fi ƙulinki tauri. Akwai hanyar da ake bi. Ki bar ni da shi."

Hanyar da ake bi na san ta, kowa a nan ya san ta. Mutum ba ya fuskantar surukinsa da ƙorafi, sai ya aika. Abin da ban sani ba shi ne yadda saƙon zai isa. Daga baya na bi su ɗaya bayan ɗaya na tambaya, kowa ya faɗa mini abin da ya ce, kuma kowa yana ganin ya yi daidai.

Yaya ya je wurin mai unguwa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Muna murna da ginin Alhaji. Sai dai akwai ƴar maganar ruwa, saboda tsohuwa. In da hali a duba."

Mai unguwa dattijo ne mai kirki, amma yana jin nauyin Alhaji. Ya ga liman ya fi shi kusa da Alhaji. Ya je ya ce wa liman, "Maƙwabtan ginin Alhaji suna da ɗan damuwa. Ka san akwai tsohuwa a gidan."

Liman ya jira ranar Juma'a. Bayan an sallame ya riƙe hannun Alhaji ya ce, "Allah ya sa albarka a gini. Akwai tsohuwa a maƙwabtanka, a riƙa tunawa da ita."

Ku duba da kyau. Ruwa ya zube daga maganar tun a zauren mai unguwa. Abin da ya isa kunnen Alhaji tsohuwa ce kawai.

Washegari sai ga amalanke a ƙofar gida. Buhun shinkafa, turmin atamfa, da galan na mai. Mai, a gidan da ake matse mai! Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka, ya ba mai amalanke tukwici. Ina tsaye ina kallo har aka shigar da kayan.

Na ce, "Yaya, wannan ba amsar maganarmu ba ce. A mayar."

"A mayar da kyautar suruki? Kina so ɗiyata ta dawo gida da kayanta?"

"To ka je ka yi godiya da kanka, ka faɗi maganar a nan."

"Mutum ya yi maka alheri yau, gobe ka je masa da ƙorafi? Da wane baki?"

Shi ke nan, buhun shinkafa ya rufe bakin gidanmu. Na kai wa Inna atamfar. Ta shafa ta, ta shinshina, ta ce, "Wanga na mi ne?"

"Alhaji ya aiko miki."

"Allah shi saka. Ya ce ruwan ta ina zai bi?"

Na ce bai ce ba. Ta tura atamfar ƙarƙashin matashi, ba ta ƙara taɓa ta ba.

Gini kuwa bai jira kowa ba. Aka cika ramin, aka daɓe, aka haƙa tushe, aka zuba siminti. Ba a kira maƙwabta ba, ba a raba goro ba, domin Alhaji yana ganin ya riga ya sallami maƙwabta. Wata safiya na leƙa na ga an ja igiya ta ratsa bakin lungun, daidai inda ruwa yake faɗawa. Na yafa mayafi na fita wurin magini.

Yana ganina ya ce, "Baaba mai ƙuli! Yau ba ɗanɗano?"

Na ce, "Ka bar rariya a nan, in ba ka kwano guda."

Ya dubi lungun, ya dube ni. Ya ce, "Baaba, ni igiya aka ja mini, igiya nake bi. In na huda bangon mutum ba da izininsa ba, wa zai ƙara kirana aiki? Ki samo mini bakin mai gida, kafin azahar kin ga rariya."

Ban ga laifinsa ba. Shi kaɗai ne a cikin su duka ya ba ni amsa a miƙe.

Saboda haka na tafi da kaina. Na sami Alhaji a ƙofar sitonsa a kasuwa, ana auna aya, mutane zaune a benci. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, na tambayi ɗiyarmu da ke gidansa. Sannan na ce, "Alhaji, bangon da ake ɗagawa ya tare hanyar ruwan layinmu. Idan damina ta zo, ruwan zai tsaya a bayan ɗakin Inna. Ɗakin ƙasa ne, zai faɗi. A bar rariya ko a sa bututu."

Na faɗi haka ne kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

Ya ce, "Ai an yi mini maganar tsohuwa, na kuwa aika. Bai iso ba?"

"Ya iso, mun gode. Amma buhun shinkafa ba zai shanye ruwan unguwa ba."

Wani a benci ya yi dariya, wani ya taya shi. Fuskar Alhaji ta canja. Ya gyara hularsa ya ce, "Hajiya, maigidanku muna haɗuwa da shi kullum a masallaci, bai ce mini komai ba. Da akwai matsala da shi zai faɗa. Kuma tsakar gidan nan tayil za a shimfiɗa, ba zan jawo ruwan lungu ya bi ta ciki ba. Maganar gini ta maza ce. Ki gaida Inna."

Ya juya wurin masu awo. An sallame ni ke nan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Da yamma ɗiyar Yaya ta zo tana kuka, wai uwar mijinta ta ce danginta sun je kasuwa sun yi wa Alhaji tsiya a gaban mutane. Ta ce mini, "Gwaggo, ni kika jawo wa. Ni ce zan kwana a gidan, ba ke ba." Na ji tausayinta, yarinya ce, kuma gaskiya ta faɗa. Yaya ya daina yi mini magana. Idan yana son abu sai ya ce wa matarsa, "Gaya mata," ina zaune a wurin. Matan layi suka ce na cika zafin kai. Mai unguwa ya aiko a ce mini an riga an yi magana da manya, me ya kai mace kasuwa? Duk unguwa ta tashi a kan yadda na yi magana. Ba wanda ya tsaya a kan abin da na faɗa. Bangon ya kai tsawon mutum, aka shafe shi, aka yi masa farin fenti.

Ruwan farko ya sauka. Ba namijin da ya fito da fartanya. Ina za su bi ruwan, ya kai su ina? Ya gangaro ya daki bangon Alhaji ya tsaya, ya kwana a lungu, ƙasa ta shanye shi a hankali. Na cika buhuna da yashi na jera a gindin bangon Inna. Na so in yi yaɓe kamar kowace shekara, amma ƙasar yaɓe daga kududdufi muke ɗiba, kududdufi kuma yana ƙarƙashin gidan Alhaji. Na sa mai amalanke ya kawo daga nesa, ƙasar ta zo da yashi, ba ta kama ba.

Ruwa na biyu, na uku, kowanne ya zo ya tsaya. Ga kuma ruwan sababbin gidajen, masu dogon tushe, shi ma ya sami lungunmu. Wata safiya na kai wa Inna koko na tarar ta ɗora tafin hannu a bango, ƙasa da alkuki.

Ta ce, "Bango na zuhwa."

Na taɓa. Sanyi ne da laima, har ƙasar tana manne wa yatsa. Na kira Yaya, na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ranar ce ya fara yi mini magana. Ya ce, "Bari damina ta wuce, sai a san yadda za a yi." Na ce a mayar da Inna ɗakina. Inna ta ce, "Nan anka kawo ni, nan za a ɗauke ni. Ba ni zuwa ko'ina."

Tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, aka yi babban ruwan. Bayan azahar ya fara. Gabas ta yi baƙi, iska ta kaɗa sau ɗaya ta tsaya, sai ruwa. Ina ƙofar ɗakina ina kallon rariyarmu. Da farko tana fitar da ruwa kamar kullum. Sai ta tsaya. Sai na ga ruwa ja yana shigowa ta cikinta, da ledoji da kashin awaki. Lungu ya cika, ya rasa wurin zuwa, ya juyo cikin gida.

Na ɗauki taɓaryar da nake dakan ƙuli, mai nauyin, na fita ta zaure na zagaya lungu. Ruwa ya kai mini cinya. Na isa bangon Alhaji, na lalubi gindinsa da ƙafa, na fara duka. Siminti ne, bayansa kuma jar ƙasa ce a daɓe. Taɓarya tana dawo mini har kafaɗa. Ban fasa ba. Ban san sau nawa na daka ba, sai na ji an riƙe taɓaryar ta baya.

Yaya ne, rigarsa ta manne a jiki. Yana ihu saboda ƙarar ruwa. "Ki bari! Bangon mutane ne!"

Na ce, "Na Inna fa? Shi ba bango ba ne?"

Ya fizge taɓaryar. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ya juya ya dubi bayan ɗakin Inna. Buhunan yashin sun nutse, yaɓe yana saɓulewa yana faɗawa cikin ruwa. Ya ce, "Mu je mu fitar da ita." A duk shekarar nan, wannan ce magana ɗaya da ya faɗa a kan lokacinta.

Muka tarar da ita zaune a tsakiyar gado, ta naɗe ƙafafu, carbi a hannu. Ruwa ya rufe daɓe, kwanon kokonta yana yawo a kai.

Na ce, "Inna, tashi."

"Na ce ba ni zuwa."

"Ban zo shawara ba, Inna."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na juya mata baya na durƙusa a cikin ruwan, Yaya ya ɗaga ta ya ɗora mini, na ɗaure ta da zane kamar jaririya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da muka zo ƙofa ta miƙa hannu ta dafa wurin nan mai santsi, ta riƙe. Sai da Yaya ya ɓamɓare yatsunta. Ya koma ya ɗauko adakarta, muka tsaya a zaure tare da matarsa da yara.

Ɗakin ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara. Gab da la'asar bangon baya ya durƙusa a hankali, kamar tsohon da ƙafa ta gaza, azara ta biyo shi, rufi ya zauna a kan gadon. Ƴar ƙura ta tashi, ruwa ya kashe ta nan take.

Inna tana bayana har lokacin. Ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Can ta ce, "Randata na ciki."

Washegari aka zo jaje. Alhaji ya zo da kansa, da mai unguwa, da liman. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ina bayan ƙofa, a inda mace take tsayawa. Alhaji ya leƙa ya ga tarin ƙasar, ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi! Me ya hana a gaya mini a fili?"

Na jira Yaya ya ce an gaya maka, ƙanwata ta je har kasuwa. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙaddara ce, Alhaji." Mai unguwa ya ce, "Ƙaddara ce." Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka gode wa Allah da ba a rasa rai ba.

Na gode wa Allah ni ma. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma ba ƙaddara ce ta cire ruwa daga saƙon ba, mutane ne, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sassauta abin da aka ba shi don kada ran babba ya ɓaci. Kuma an gaya wa Alhaji a fili. Ni na gaya masa, a gaban shaidu. Bai ƙirga ta magana ba saboda ba daga bakin da yake jira ta fito ba.

Cikin makon nan maginin ya dawo da izinin Alhaji. Ya fasa gindin bangon, ya haƙa, ya binne bututu ya fitar da shi ta bayan gidan Alhaji. Da hantsi ya fara, kafin azahar ya gama, kamar yadda ya faɗa tun farko. Ya wanke hannu ya ce, "Baaba, ga rariyarki." Bai nemi ɗanɗano ba. Na ce masa, "Ba tawa ba ce. Mai ita tana Cadawa."

Can muka kai ta, gidan ƙanwarmu, domin ɗakina ma ya jiƙe. Ɗaki ne mai kyau, na siminti, har da fanka. A makon farko ta tashi za ta yi alwala ta buga goshi a ƙofa. Tun daga ranar ba ta ƙara tashi ita kaɗai ba. Tana zaune a bakin gado har sai wani ya zo ya kama hannunta. Ƙanwata ta ce wani lokaci takan gan ta tana shafa bango kusa da gado, tana neman alkuki. Matar da take gane an gusar mata da buta, yanzu sai an ce mata ga ƙofa.

Idan na kai ƙuli kasuwar Cadawa nakan biya. Tana jin muryata take cewa, "Anka tada bango?" In ce tukuna. Ta ce, "Kada a canja wurin ƙohwa."

Ƙasar ɗakin tana nan a tare inda ta zube. Na hana kowa ɗiba, ko kwano ɗaya. Na tono randar, bakinta kawai ya ɓare. Niyyata idan kaka ta wuce a jiƙa wannan ƙasar a sake kwaɓa ta, a tada ɗakin a kan tushensa na dā, ƙofa a wurinta, alkuki a wurinsa, randa a hagu. Na auna komai da igiya na ƙulla, na ajiye.

Sai dai akwai wani saƙo. Alhaji ya aiko ta bakin liman, liman ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa Yaya. Wai tun da gidanmu ya zama a kwari yanzu, in muna so mu sayar, zai saya ya haɗa da nasa, mu nemi fili a tudu. Wannan saƙon ya iso cikakke. Bakuna uku ya bi, ko kalma ɗaya ba ta zube a hanya ba. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yana jin kunyar surukinsa. Ni kuwa na gaya masa a tsakar gida, a gaban matarsa da ƴaƴansa, cewa muddin Inna tana numfashi ba za a sayar da wurin ɗakinta ba, in kuma yana jin nauyin faɗa, ni zan koma kasuwa in faɗa.

Kai mai karanta wannan, ina roƙonka abu ɗaya. Idan ka sayi fili a bakin gari, kada ka haƙa tushe sai ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohon gidan da ka tarar a wurin, ka tambaya da bakinka ta ina ruwa yake bi, ka kuma saurari duk wanda ya ba ka amsa, ko mace ce, ko tsohuwa ce. Idan kuma kai ne a tsohon gidan, aka ja igiya a kan hanyar ruwanku, kada ka aika kowa. Ka sa takalminka ka je da ƙafarka, ko surukinka ne, ka ce masa ruwa, tun bulo yana ƙasa.